Kujerar Hannun Dama: Ziyara a Makarantar Matuƙa Jirgi ta Zariya

Duk wanda ya saba bin titin Sakkwato a Zariya, daga Kwangila zuwa Samaru, ya san ƙarar ƙananan jiragen nan masu farfela da ke shawagi a saman Palladan da Hanwa tun da sassafe. Mutanen unguwar sun daina ɗaga kai. Mai shayi yana fifita wutarsa, ɗan acaɓa yana cinikinsa, jirgi ya zo ya wuce ƙasa-ƙasa, ya karkata, can an jima ya sake dawowa ta inda ya bi. Na sha wucewa ta wurin a hanyar jami'a, amma sai bana Allah ya nufa na shiga cikin makarantar koyon tuƙin da jiragen ke tasowa daga cikinta.

Sanadin shigar tawa 'yar ƙanwata ce. Ta gama sakandare a Kano da sakamako mai kyau a lissafi da fiziks, ta kuma kafe a kan ita matuƙiyar jirgin sama za ta zama. Uwarta ta kira ni hankali a tashe. "Yaya, ka zo ka yi wa 'yarka magana. Ni ban san inda ake fara wannan karatu ba, balle inda ake ƙare shi." Na ce mata gani ya kori ji, a bar ni in kai ta ta gani da idonta, tunda makarantar ba a bangon duniya take ba, ga ta nan Zariya. Wani abokin karatuna ya haɗa ni da wani dattijo da ya daɗe yana koyar da tuƙin jirgi kafin ya yi ritaya, wanda kowa Kyaftin yake ce masa. Da na kira shi, sharaɗi guda ya kafa mini: mu zo kafin hazo ya sauka, in ba haka ba a ƙasa za mu tarar da jiragen.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, a ƙarshen damina, sama ta wanke tas. Shinkafar Kura ta fara nuna, a Kwanar Ɗangora masu kayan gwari suna jera kwanduna, muka ratsa Tashar Yari rana na ɗagowa. A mota nake ba ta labarin cewa jirgin sama ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a Kano, kuma filin jirgin Kano shi ne mafi tsufa a Nijeriya. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, daga baya Max Air ta Alhaji Ɗahiru Mangal ta zo, manyan Boeing 747 ɗinsu suka yi ta jigilar alhazai zuwa ƙasa mai tsarki. Kamfanonin Azman da Rano ma suka biyo baya. Attajiranmu sun sayi jirage, iyayenmu sun hau, amma har yau yaron da ya fi kowa lissafi a wata sakandaren Makarfi ko Bebeji da wuya ka sami wanda zai nuna masa ƙofar da ake bi a zauna a gaban jirgin. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwalejin, wadda ake taƙaita sunanta da NCAT, mutanen gari kuwa suke ce wa Abiyeshan, an kafa ta a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Ba matuƙa kaɗai take yayewa ba. Akwai injiniyoyin gyaran jirgi, akwai masu ba da hannu daga hasumiya, akwai masu kula da na'urorin sadarwa. Kyaftin ya tarbe mu a bakin ƙofa, dogon mutum mai furfura, magana a hankali. Bayan an gaisa an yi mana izinin shiga, na ɗauka takardun yarinyar zai fara tambaya. Sai ya dube ta ya ce, "'Yata, an taɓa gwada idonki?"

Ta ce a'a.

"To daga nan ake farawa, kafin mahaifiyarki ta sayar da ko ɗan kunne."

Ya zaunar da mu a inuwa ya warware mana zancen. Duk mai son tuƙa jirgi don neman abinci sai ya sami shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, ta amince da shi. Ana duba ido da kunne da zuciya da hawan jini da suga. Sa tabarau ba ya hana mutum, muddin yana gani daidai da shi, sai dai ya riƙa tafiya da na ajiya. Abin da ke kayar da yara ba zato shi ne rashin bambance launi. Fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama koriya, fitilun da ke nuna wa matuƙi ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa a lokacin sauka ja da fari ne, kuma akwai mutanen da aka haife su ba sa raba ja da kore, galibi maza, wasu ba su ma sani ba har su girma. Farfaɗiya ma tana rufe ƙofar. Ya ce ya ga uban da ya sayar da gona ya biya kuɗin wata makaranta a ƙasar waje, sai da yaro ya isa aka gano idonsa ba ya raba launi. Kuma gwajin ba na rana ɗaya ba ne, duk shekara ake sabunta shi, in mutum ya manyanta ya koma duk wata 6. Batun takardu kuwa bai ja shi ba: kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks, sannan gwajin shiga da ganawa da malamai.

Daga nan ya kai mu inda ake ajiye jiragen. Wanda ya saba ganin jirgin alhazai zai yi mamakin ƙanƙantarsu. Fararen jirage ne samfurin Diamond, ƙirar ƙasar Ostiriya, masu kujera huɗu, wasu injin ɗaya wasu biyu. Kyaftin ya ce alfanunsu shi ne suna shan irin man da manyan jirage ke sha, ba man Avgas na tsofaffin jiragen koyo ba, mai tsada da wuyar samu.

Wani ɗalibi cikin farar riga yana zagaya ɗaya daga cikinsu da takarda a hannu, malaminsa na tsaye gefe ya harɗe hannu bai ce uffan ba. Na tsaya na zuba masa ido. Ya durƙusa ƙarƙashin fiffike ya tsiyayo ɗan mai a wani ƙaramin kofi mai garai-garai, ya ɗaga shi saitin rana yana dubawa. Ruwa yake nema. Ruwa ya fi mai nauyi, in ya shiga tanki a ƙasa yake kwanciya, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe inji a sama. Ya taɓa taya, ya motsa kowane reshe na fiffike da na wutsiya da hannunsa, ya shafa farfela yana neman tsagewa. Sannan ya zare wani jan ƙyalle da ke rufe da wani ɗan bututu, ya leƙa cikin ramin. Kyaftin ya raɗa wa yarinyar cewa ta wannan ɗan rami jirgi yake sanin gudunsa, kuma babban abokin gabarsa zanzaro ne. In aka bar shi a buɗe, zanzaro ya shiga ya yi ɗakinsa na laka, agogon gudu zai yi wa matuƙi ƙarya a sama. Yarinyar ta ce, "Kyaftin, kullum sai an yi duk wannan?" Ya ce, "Kowane tashi. Ko yanzu wani ya sauko da shi ya ce miki lafiyarsa ƙalau, sai kin duba da kanki. Wanda wannan ya gundure shi, ya nemi wata sana'ar."

Muka koma gefe muna kallo suka tayar da inji, suka gangara bakin titin jirgi. Wani ma'aikaci da ke kusa da mu yana riƙe da rediyo, muna jin muryar ɗalibin yana neman izini daga hasumiya da Turanci, yana kiran lambar jirginsa harafi-harafi. Lambar kowane jirgin Nijeriya da 5N take farawa, ta Nijar kuwa da 5U. Turancin nan ma jarrabawa ce mai zaman kanta. ICAO ta kasa shi mataki 6, kuma ba a barin matuƙi ya ƙetare ƙasashe sai ya kai mataki na 4. Ba Turancin burga ake nema ba, wanda za a faɗa sau ɗaya a cikin ƙarar inji a fahimta ake so.

Jirgin ya tashi, ya zagaya, ya sauko ya taɓa ƙasa, bai tsaya ba ya sake ba shi wuta ya tashi. Haka ya yi ta yi. Shawagin da mutanen Palladan suka saba ji ke nan, koyon sauka ne, domin tashi ba ya ba ɗalibi wuya, saukar ce aiki. Muna kallo Kyaftin yake lissafa mana matakan. Ɗalibi kan yi tashinsa na farko shi kaɗai tsakanin awa 10 zuwa 20 da fara koyo. Lasisin farko, PPL, yana buƙatar shekara 17 da awa 40 a sama, amma da shi ba a biyan mutum ko sisi, na tuƙin kai ne. Lasisin neman abinci shi ne CPL, shekara 18 da awa 200, ko 150 ga wanda ya bi tsararren kwas a makarantar da aka amince da ita. A cikin awoyin akwai na dare, akwai kuma doguwar tafiya ta aƙalla kilomita 540 wadda ɗalibi zai yi yana jagorantar jirgin, ya sauka a filaye biyu daban. Can ƙololuwa kuma ATPL, lasisin da ake zama kyaftin na jirgin fasinja da shi, shekara 21 da awa 1,500. Kowace awa a rubuce take a littafin awoyin matuƙi, da rana da lambar jirgi da inda aka je. Wannan littafi shi ne dukiyarsa.

Na tambaye shi dalilin da ya sa ya hana mu zuwa lokacin hazo. Ya ce ɗalibin farko da ido yake tuƙi, yana kallon inda sama ta haɗu da ƙasa, kuma doka ta ƙayyade nisan da dole ya iya hangowa, wajen kilomita 5. In ƙurar hunturu ta rufe gari, sai a zauna a aji a yi karatun yanayi da taswira da dokokin sama. Amma jirgin fasinja ba ya jiran hazo ya washe, don haka akwai wani horo na musamman na tuƙi da agogunan jirgi kaɗai. Ana sa wa ɗalibi wani abu a fuska da ke hana shi ganin waje. A nan ne, in ji Kyaftin, mutum yake gane jikinsa ma yana iya yaudararsa. Abin da ke cikin kunne mai gaya wa ɗan Adam a miƙe yake ko a karkace yana rikicewa a cikin gajimare, ka rantse jirgi a daidai yake alhali ya kwanta gefe yana gangarawa. Sai an horar da mutum ya ƙaryata abin da yake ji ya gaskata agogo.

Da azahar, bayan mun yi salla, Kyaftin ya ja mu wani gidan abinci a Sabon Gari, ya ce akwai wanda yake so mu gani. Wani saurayi ne mai natsuwa, bai wuce shekara talatin ba. Ya yi karatunsa a wata makaranta a Afirka ta Kudu, ya dawo da CPL da shaidar tuƙi da agogo da ta injin biyu, ya mayar da lasisinsa na Nijeriya. Awoyinsa sun ɗan haura 200. Tun dawowarsa bai zauna a gaban jirgin fasinja ba. Kayan waya yake sayarwa a shagon yayansa.

Ya ce, "Baba, ranar da aka ba ni lasisi gidanmu har walima aka yi. Ba wanda ya gaya mana rabin hanya muka zo."

Abin da ya tare shi shi ne abin da suke kira taif-retin, wato horo a kan takamaiman samfurin jirgi. Lasisi na cewa ka iya tuƙi, amma kowane babban jirgi, Boeing 737 ne ko Embraer ko ATR, sai an koya maka shi daban, a aji da cikin na'urar kwaikwayon jirgi, an jarraba ka an buga maka a lasisi. Kamar direban da ya ƙware a tasi ne, ba a miƙa masa makullin tirela don kawai yana da lasisi. Kuɗin horon da dala ake lissafa shi, dubbai masu yawa, kuma kamfanoni da dama sun fi son wanda ya zo da abinsa a hannu. In ka ci bashi ka yi, sai a ce ana neman mai awa 500 a kan samfurin. Ina za ka samo awoyin in ba a ɗauke ka ba? Kamfanonin inshora ma suna da ta cewa a kan wanda zai zauna a gaban jirgin da suka tsaya wa. Yana zaune kuma kuɗi na fita: gwajin lafiya duk shekara, sabunta shaidar tuƙi da agogo, hayar jirgi ko na'ura don kada hannu ya mutu. Ya ba ni tausayi ƙwarai, musamman da na ga bai zagi kowa ba, littafin awoyinsa ma yana cikin jakarsa.

Ba shi kaɗai ba ne. A zangon mulkinsa na biyu, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura matasan Kano 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Tunani ne mai kyau, kuma ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da ba su taɓa mafarkinta ba. Wasunsu yau suna tuƙi. Amma da dama sun daɗe a gida bayan dawowa, saboda wannan gibi da ke tsakanin lasisi da kujerar aiki. A gefe guda kuma kamfanin Boeing, a hasashensa na 2024, ya ce duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa 674,000 cikin shekara 20, fiye da 20,000 daga ciki a Afirka. Duka maganganun biyu gaskiya ne. Ƙarancin da ake kuka da shi na ƙwararrun kyaftin ne masu dubban awoyi, masu awa 200 kuwa sun yi yawa. Shi ya sa za ka ga kamfani ya ɗauko kyaftin daga wata ƙasa yana biyansa da dala, ga yaran gida a zaune.

To ta ina mai awa 200 zai zama mai 1,500? A nan ne Kyaftin ya gyara zama, na kuma gane dalilin da ya sa ya haɗa mu da saurayin. Ya ce a Amurka, bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da birnin Buffalo a 2009, an yi dokar da ta wajabta wa mataimakin matuƙi ma awa 1,500 kafin ya shiga jirgin fasinja, kuma akasarin matasansu ta hanyar koyarwa suke tara awoyin. Mai CPL ya ƙara kwas na malanta, ya zauna a kujerar hannun dama, ana biyansa, littafinsa na cika. Shawarar da yake ba saurayin ke nan tun tuni. Matsalarmu ita ce makarantun kaɗan ne, bayan Zariya sai irin ta Ilori da wasu 'yan tsiraru, ƙananan jirage kuma ba su da yawa a ƙasar, don haka guraben malanta ma a ƙididdige suke.

Amma bai yarda a ɗauki malanta a matsayin wurin jiran mota ba, kuma a nan muryarsa ta canja. Ya ce ɗalibi a kujerar hagu yake zama, ta kyaftin, malami a dama. Duk abin da hannunka ya saba sai ya juye, hannun da ke riƙe sanda ya koma kan totur, na totur ya koma kan sanda, titin jirgi ma ta wata kusurwa kake ganinsa. Sai ka koyi yin magana kana tuƙi, kana faɗin abin da kake yi daidai lokacin da kake yinsa. Mafi wuya kuma shi ne ka ga yaro yana kuskure ka ƙyale shi. In ka karɓe jirgi da wuri, bai koyi komai ba, ka kuma kashe masa zuciya. In ka makara, kun tafi tare. Tsakanin biyun wani lokaci daƙiƙa biyu ce, hannunka na shawagi kusa da sanda ba ka taɓa ba. Akwai ƙa'idar miƙa jirgi da baki: malami ya ce jirgi na hannuna, ɗalibi ya amsa yana hannunka, don kada a wayi gari kowa na zaton ɗan uwansa ne ke tuƙi.

Na ce, "Kyaftin, wace rana ce ta fi maka nauyi a aikin?"

Ya yi shiru kaɗan. "Ranar da zan fita in bar yaro shi kaɗai. Mun sauka, in ce masa tsaya a nan, in kwance bel in fita in rufe masa. Sai in tsaya a ciyawa ina kallonsa yana tashi. Ɗan wani ne, Malam. Sa hannuna ne ya ce ya isa. Babu addu'ar da ba na yi har tayarsa ta taɓa ƙasa." Ya ce akwai kyaftin-kyaftin da ke tuƙa manyan jirage yau waɗanda in sun gan shi a filin jirgi sai sun rusuna, kuma duk wata ɗabi'a da ya dasa musu a awa 20 na farko, mai kyau ko akasinta, tana nan tare da su da fasinjojinsu.

Abin takaicin shi ne, a ko'ina a duniya albashin malamin makarantar tuƙi bai kama ƙafar na matuƙin kamfani ba, don haka da zarar malami ya ƙware sai a ɗauke shi. Makaranta ta koma neman wani, ɗalibai su yi ta jiran layi. A ganina nan ne ya kamata hukuma ta sa kuɗi. An fi son sayen sabon jirgi saboda ana ɗaukar hotonsa, amma jirgin koyo ba malami ajiya ne kawai. Ita malantar kuma tana da nata matakan girma. Akwai masu koyar da tuƙi da agogo, akwai masu horar da matuƙan kamfani a na'urar kwaikwayo, akwai masu jarrabawa da hukuma ta ba izinin cewa wane ya ci wane ya faɗi. Dokar duniya ta tsayar da tuƙin jirgin fasinja tsakanin ƙasashe a shekara 65, amma aji da na'ura ba su rufe wa dattijo ƙofa.

Akwai wasu ƙofofin da ya ambata a gurguje. Sojan sama, ta makarantar NDA a Kaduna, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin horon, amma aikin soja ne da duk abin da ya ƙunsa. Jirage masu saukar ungulu da ke jigilar ma'aikatan mai a yankin Neja Delta. Jiragen 'yan kasuwa da na hukumomi, da na ɗaukar kaya. Wasu ƙasashen kuma kamfanin ne da kansa ke rainon matuƙansa, irin Ethiopian Airlines da ke da makarantarsa a Adis Ababa, yaro ya fito aji ya wuce kujerar mataimaki. Tun da Nigeria Airways ta durƙushe a 2003 muke ɗanɗana rashin babban kamfani irin wannan.

Yarinyar tawa duk wannan tana saurare ba ta ce komai ba, sai can ta ce, "Kyaftin, mace fa?" Ya ce mata jirgi bai san hannun wa ke riƙe da shi ba. Ya ba ta labarin Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta sami lasisin tuƙin jirgi na neman abinci, wadda a nan Zariya ta yi karatu, ta koyar, har ta shugabanci kwalejin a 2011. Amma bai ɓoye mata komai ba. Mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na matuƙan duniya ba. Aikin yana raba mutum da gida, ranar Salla kana wani gari, azumi ya same ka a hanya, barci ba shi da lokaci. Duk wata 6 kamfani zai sa ka a na'ura ya kashe maka inji ya ga abin da za ka yi, har ranar da za ka yi ritaya. Ya ce ta nemi shawarar iyaye, ta yi istihara, in kuma da hali ta haɗa da wani karatun, domin rana ɗaya likita zai iya cewa tuƙi ya ƙare. Ta ce, "Na ji, kuma ina so." Ya ce, "To madalla. Je ki ga likita tukuna."

Mun kamo hanyar Kano da la'asar, dutsen Kufena na bayanmu. Ta ce, "Kawu, Umma za ta iya kuwa?" Na gaya mata gaskiya, Umma ita kaɗai ba za ta iya ba, ni da ita ma ba za mu iya ba. Karatun miliyoyin naira masu yawa ne ko a gida, a waje kuwa dala ce. Sana'a ce mai daraja da rufin asiri ga wanda ya kai gaci, kuma ban ga dalilin da zai sa 'ya'yanmu su zama 'yan kallo a cikinta ba alhali makarantar tana tsakar gidanmu. Amma ba a shigarta da rabin guzuri.

Don haka kirana ga gwamnoninmu da attajiranmu da ke da niyyar ɗaukar nauyin yara: ku tantance su da likita tun a gida, ku sa kuɗin taif-retin a cikin lissafi tun ranar farko, ku kuma zauna da masu kamfanonin jirage a yi yarjejeniya a rubuce kafin yaro ya tafi. Gara a tura 20 a kai su har kujerar aiki da a tura 100 a bar su a hanya. Cikin waɗanda suka dawo suna zaune kuma, a zaɓi masu haƙuri da iya bayani a biya musu kwas na malanta, a ba su albashin da zai zaunar da su. Masu kamfanonin jirage na Kano da Katsina su ma su ɗauki 'yan awa 200 su raine su, domin kyaftin ɗin da suke nema da dala yau, wani ne ya ba shi kujera lokacin da littafinsa bai cika ba.